MAJAMI'AR DA AKA GINA DON RUNDUNAR DA BA TA DAWO BA

A can ƙarshen kudu na birnin Mumbai, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Indiya wadda aka sani da sunan Bombai har zuwa shekarar 1995, akwai wata unguwa da ake kira Kolaba. Unguwar doguwa ce siririya, teku ya sa ta tsakiya gabas da yamma. A yankin da sojojin ruwan Indiya suke da mazauni a wannan unguwa, akwai wata tsohuwar majami'a a tsaye cikin itatuwa, tsawon hasumiyarta ya kai ƙafa 198, watau wajen mita 60. Sunanta na takarda shi ne Majami'ar Yohanna Mai Bishara, amma in baƙo ya nemi a kai shi da wannan suna zai sha yawo. Mutanen gari sun fi saninta da Cocin Afgan.

Ba mutanen Afganistan ne suka gina ta ba, ba kuma dominsu aka gina ta ba. Turawan Ingila ne suka gina ta don tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙin farko da suka yi a ƙasar Afganistan, daga 1838 zuwa 1842. Sau da yawa masu mulki sukan gina abin tunawa ne don nasarar da suka ci. Wannan gini kuwa shaida ce ta ɗaya daga cikin kaye mafi muni da aka taɓa yi wa Ingila a zamanin mulkin mallakarta. Wanda duk yake so ya fahimci abin da aka rubuta a bangon majami'ar, da abin da aka bari ba a rubuta ba, tilas ya fara sanin labarin yaƙin.

YADDA AKA SHIGA YAƘIN

A wancan zamani Kamfanin Gabashin Indiya ne yake mulkin mafi yawan ƙasar Indiya a madadin Ingila, yana da gwamnoninsa da sojojinsa. Babban abin da ke hana shugabannin kamfanin barci shi ne tsoron kada Rasha ta biyo ta Afganistan ta sauko musu. Tsoron ya ƙaru a 1837, sa'ad da Sarkin Farisa ya kewaye birnin Hirat da yaƙi tare da goyon bayan Rasha, kuma wani manzon Rasha ya sauka a Kabul.

Mai mulkin Kabul a lokacin shi ne Amir Dost Muhammad Khan. Shi kansa ya fi son ƙawance da Ingila, amma yana da bukata guda, watau a taimake shi ya karɓo birnin Fashawar daga hannun Ranjit Singh, sarkin mabiya addinin Sikh na ƙasar Punjab. Ranjit Singh kuwa abokin Turawa ne, saboda haka Gwamna-Janar na Indiya, Lord Auckland, ya ƙi. Maimakon ya nemi sulhu, sai ya yanke shawarar tuɓe Dost Muhammad ya naɗa Shah Shuja, wani tsohon sarki da aka kora tun 1809, wanda ya daɗe yana zaman gudun hijira a Indiya yana cin albashin kamfani. Ran 1 ga watan Oktoba, 1838, Lord Auckland ya fitar da sanarwar yaƙi daga garin Simla.

Runduna ta tashi kashi biyu, ɗaya daga Bengal, ɗaya kuma daga Bombai ta jirgin ruwa zuwa bakin kogin Indus. A nan ne dangantakar birnin Bombai da wannan yaƙi ta fara. Da farko kome ya tafi daidai. Sun shiga Kandahar a watan Afrilu, 1839, suka ci ganuwar Gazni ran 23 ga watan Yuli, suka shigar da Shah Shuja Kabul ran 7 ga watan Agusta. Dost Muhammad ya gudu, daga baya ya miƙa wuya a watan Nuwamba, 1840, aka kai shi Indiya aka ajiye.

ZAMAN KABUL

Ashe kallon kitse Turawa suke yi wa rogo. Mutanen ƙasar ba su ɗauki Shah Shuja sarki ba, suna ganinsa yaron baƙi wanda bindigar baƙi ta ɗora bisa gado. Su kuma Turawa suka saki jiki. Suka bar ganuwar Bala Hisar mai ƙarfi, suka gina bariki a fili mai kwari wanda tuddai suka kewaye, har ma rumbun abincinsu suka ajiye shi a wajen katangar barikin. Hafsoshi suka aika aka kawo musu iyali, aka shiga sukuwar dawaki da wasanni kamar ana gida.

Zaman ya yi wa baitulmalin Indiya tsada ƙwarai. A 1841 aka umarci wakilin Ingila a Kabul, Sir William Macnaghten, ya rage kashe kuɗi. Cikin abubuwan da ya rage har da kuɗin da ake biyan shugabannin ƙabilar Gilzai, waɗanda su ne suke riƙe da mashigun duwatsu da ke tsakanin Kabul da Indiya. Nan da nan suka toshe hanya. Ran 2 ga watan Nuwamba, 1841, mutanen Kabul suka yi bore, suka kashe Sir Alexander Burnes, mataimakin wakilin, a gidansa. Shugaban sojan, Janar William Elphinstone, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya kasa yanke shawara. Ran 23 ga watan Disamba aka kashe Macnaghten kansa a wurin wata ganawa da Akbar Khan, ɗan Dost Muhammad. Abinci ya ƙare, sanyi ya kankama. Sauran hafsoshi suka yarda su bar Kabul bisa alkawarin za a bar su su wuce lafiya zuwa Jalalabad, tafiyar wajen mil 90.

MAKO GUDA CIKIN ƘANƘARA

Ran 6 ga watan Janairu, 1842, ayarin ya fita. Sojoji wajen 4,500 ne, a cikinsu Turawa ba su wuce 700 ba, sauran duk Indiyawa ne. Bayansu kuma akwai mutane wajen 12,000 masu bin runduna, watau 'yan dako, da masu dafa abinci, da masu kiwon raƙuma da dawaki, da barori, da mata da 'ya'ya. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin za mu komo kansu.

Dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba tantuna isassu, ba itacen wuta. Tun daren farko mutane suka fara mutuwa saboda sanyi, musamman Indiyawan da suka fito daga ƙasa mai zafi, da yawansu ba su da ko takalmin kirki. A rana ta uku ayarin ya shiga kwazazzabon Khurd Kabul, inda mayaƙan Gilzai suke jira bisa duwatsu da dogayen bindigoginsu waɗanda suka fi na sojojin cin nisa. An ƙiyasta mutum wajen 3,000 suka halaka a wannan wuri kaɗai. Akbar Khan ya karɓi matan hafsoshi da 'ya'yansu da waɗansu hafsoshi ya tsare su, daga baya har da Janar Elphinstone. A Jagdalak aka tarar an datse hanya da ƙaya. Ran 13 ga wata, 'yan tsirarun da suka rage daga bataliya ta 44 ta Turawa suka taru bisa wani tudu kusa da ƙauyen Gandamak, aka gama da su, sai 'yan kaɗan da aka kama.

A wannan rana da yamma sojojin da ke tsaron ganuwar Jalalabad suka hango mutum guda yana tafe bisa doki mai tangaɗi, da saran takobi a kansa. Shi ne Dokta William Brydon, mataimakin likitan soja. An daɗe ana cewa shi kaɗai ya tsira, amma maganar ba haka take ba. Waɗansu sojojin Indiya sun iso daga baya ɗai-ɗai, waɗanda aka tsare kuma an 'yanto mafi yawansu a watan Satumba. Duk da haka, cikin mutum sama da 16,000 da suka bar Kabul, mafi yawa sun mutu a hanya, da dama kuma an bautar da su.

Janar Elphinstone ya mutu a tsare a watan Afrilu, a watan ne kuma aka kashe Shah Shuja. Da kaka Turawa suka aika da wata runduna ƙarƙashin Janar Pollock da Janar Nott don ramuwar gayya. Suka shiga Kabul a watan Satumba, suka rushe babbar kasuwar birnin, suka kashe mutane da yawa a garuruwa irin su Istalif, sa'an nan suka fice daga ƙasar. A 1843 Dost Muhammad, mutumin da aka yi duk wannan yaƙi don a tuɓe shi, ya koma gadonsa, ya kuma zauna a kai har ya rasu a 1863.

GININ MAJAMI'AR

Labarin wannan asara ya girgiza Turawan Bombai. A lokacin Kolaba barikin soja ce, wurin ibadar Kiristocin wurin kuma wata 'yar bukka ce mai jinkar ciyawa, wadda kowa yakan zo da kujerarsa daga gida. Rabaran George Pigott, limamin kamfani a Bombai, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan a gina majami'a ta sosai wadda za ta zama wurin ibada ga masu rai, ta kuma zama abin tunawa da matattun da ba a san kabarinsu ba. Wannan batu na kabari shi ne ginshiƙin maganar. Ƙasusuwan mamatan suna can warwatse cikin kwazazzabai, iyalansu ba su da wurin da za su je su tsaya. Majami'ar ce aka nufa ta zama musu madadin makabarta.

Aka tara gudummawa, gwamnati kuma ta ba da fili bisa sharaɗin a yi hasumiya doguwa wadda jiragen ruwa masu shigowa tashar Bombai za su riƙa hangowa daga nesa. Gwamnan Bombai, Sir George Russell Clerk, ya aza harsashin ginin ran 4 ga watan Disamba, 1847. Injiniya Henry Conybeare, wanda shi ne kuma ya tsara madatsar ruwa ta Vihar mai ba birnin ruwan sha, shi ya tsara ginin, sa'an nan shahararren mai tsara gine-gine na Ingila, William Butterfield, ya tsara adon ciki. An bi salon tsofaffin majami'un Ingila, masu dogayen tagogi da bakuna masu tsini, kuma tana cikin gine-ginen farko na wannan salo a Bombai, tun kafin a gina babbar tashar jirgin ƙasa da jami'ar birnin. Duwatsun na ƙasar ne, daga Kurla da Porbandar, magina da masassaƙan dutse ma Indiyawa ne. Gilasan tagogi masu launi kuwa, aikin William Wailes, daga Ingila aka yiwo jigilarsu ta teku.

Bishop John Harding ya keɓe majami'ar ran 7 ga watan Janairu, 1858, amma hasumiyar ba ta kammalu ba sai 1865. Cikin waɗanda suka taimaka da kuɗi don a gama ta har da Cowasji Jehangir, wani attajirin Bombai wanda ba Kirista ba ne.

Shekarar da aka keɓe ta abin lura ce. A watan Mayu, 1857, sojojin Indiya na kamfani suka yi babban bore a arewacin ƙasar, ana kuma cikin wannan yaƙi aka buɗe majami'ar. Masana tarihi da dama suna ganin abin da ya faru a Afganistan yana cikin dalilan da suka zubar da kwarjinin Turawa a idon sojojinsu na Indiya, domin a can ne suka ga cewa Bature ma ana iya kayar da shi. Boren ya tashi ne a garin Mirat ran Lahadi, ranar zuwa coci. Tun daga nan sojojin Ingila a Indiya suka riƙa shiga ibada da makamansu. Shi ya sa har yau in mutum ya duba bencunan Cocin Afgan zai ga gurabun da aka sassaƙa don jingine bindiga. Kafin shekarar 1858 ta ƙare, an karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfani an mayar da shi hannun Sarauniya.

SUNAYEN DA KE BANGO

A ƙuryar majami'ar, kusa da bagadi, an jera allunan dutse a jikin bango, an zana sunayen hafsoshin da suka mutu tare da muƙamansu da rundunoninsu. Akwai kuma wani rubutu da yake bayyana manufar ginin. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne, an gina majami'ar don tunawa da hafsoshin da aka rubuta sunayensu a bango, da kuma saje-saje da kofur-kofur da kuratan soja waɗanda suka yi yawan da ba za a iya rubuta su ba, waɗanda cuta ko takobi ya kashe a yaƙe-yaƙen Sind da Afganistan daga 1838 zuwa 1843.

To, a nan ne ya kamata mu komo ga alƙaluman da muka ambata. Kurtun Bature bai sami suna a bango ba, amma aƙalla an ambaci ajinsa. Sojan Indiya, wanda shi ne mafi yawa a rundunar, ya shiga cikin wannan jimla ba tare da an bambanta shi ba. Mutum 12,000 masu bin runduna kuwa, waɗanda suka ɗauki kaya suka dafa abinci, waɗanda kuma su ne suka fi kowa mutuwa, rubutun bai ambace su ba sam. Balle kuma mutanen Afganistan da aka kashe a ƙasarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba za a ce maginan sun yi wani abin da ya saɓa wa al'adar zamaninsu ba. A Ingila ta wancan lokaci hafsa ɗan babban gida ne, sau da yawa ma da kuɗi yake sayen muƙaminsa, danginsa kuma suna da halin biyan kuɗin allo. Kurtu kuwa in ya mutu a fagen fama akan binne shi cikin rami guda da sauran 'yan'uwansa. Sai a Yaƙin Duniya na Farko ne ra'ayi ya sake. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Ingila, bisa ƙa'idar cewa kowane mamaci, janar ne ko kurtu, za a tuna da shi da sunansa. A Ƙofar Indiya da ke birnin Delhi, wadda aka gama a 1931, an zana sunayen sojoji sama da 13,000, cikinsu har da waɗanda suka mutu a yaƙin Afganistan na uku a 1919.

Amma ko wannan ƙa'ida ba a cika ta ga kowa ba. A watan Afrilu, 2021, wani kwamitin bincike da hukumar ta kafa da kanta ya bayyana cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu suna yi wa Ingila aiki a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a tuna da su da sunayensu ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000. Hukumar da gwamnatin Ingila suka nemi gafara. Gidajen da kakanninsu suka tafi yaƙin Kamaru ko na Afirka ta Gabas, soja ko dako, ba su komo ba, sun san nauyin wannan magana.

BAYAN WANNAN

Majami'ar ba ta yi shekara ashirin da 'yan kai da buɗewa ba sai da aka nemi sabon wuri a bangonta. A 1878 Ingila ta sake shiga Afganistan, saboda wannan tsoro na Rasha. Ran 27 ga watan Yuli, 1880, Ayub Khan ya fatattaki wata rundunar Ingila a Maiwand, kusa da Kandahar, aka kashe sojoji kusan 1,000, mafi yawansu daga rundunar Bombai. Aka ƙara waɗansu alluna a majami'ar don matattun wannan yaƙi na biyu.

Indiya ta sami 'yancin kai a 1947. Ran 28 ga watan Fabrairu, 1948, bataliyar Ingila ta ƙarshe ta yi fareti ta bi ta babbar ƙofar bakin teku ta Bombai, wadda ba ta da nisa da majami'ar, ta shiga jirgi. Bataliyar Somerset ce, magajiyar bataliya ta 13, watau sojojin da suke bisa ganuwar Jalalabad ranar da Dokta Brydon ya iso.

Da Turawa suka tafi, masu ibada a majami'ar suka ragu ƙwarai. Yau tana ƙarƙashin Ikilisiyar Arewacin Indiya, wadda aka kafa a 1970, masu zuwa ran Lahadi kuma Kiristocin Indiya ne. Iskar teku mai gishiri da ruwan damina mai ƙarfi na wannan yanki sun yi shekaru suna cin dutse da rufi da gilasai, har sai da reshen Indiya na Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya ɗauki nauyin babban gyara, wanda aka kammala a 2024. Indiyawa ne suka yi aikin, kamar yadda kakanninsu suka yi na farko, sun kuwa bar allunan da sunayen yadda suka same su.

Wannan hikima ce, domin bangon yana da abin koyarwa. Bayan Turawan da suka gina shi, waɗansu manyan ƙasashe sun bi hanyar nan ta Kabul da irin wancan tunani, na cewa za a naɗa wa mutane shugaba daga waje a kuma tsare shi da bindiga. Tarayyar Sobiyet ta shiga a watan Disamba, 1979, ta fita a watan Fabrairu, 1989, bayan ta rasa sojoji wajen 15,000. Amurka da ƙawayenta sun shiga a 2001 suka fita a watan Agusta, 2021, Ingila kaɗai ta rasa sojoji 457 a wannan karo na huɗu. Waɗannan an san sunan kowannensu, an kuma zana su a dutse. Mutanen Afganistan da suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe sun ninka haka sau da yawa, adadinsu kuwa har yanzu ƙiyasi ne kawai.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fiye da shekara 150 ke nan hasumiyar Kolaba tana tsaye a bakin teku, a wurin da aka nufa kowane mai shigowa ya gan ta. Masu yanke shawarar yaƙi dai ba safai suke zuwa irin waɗannan wurare su karanta bango ba, kuma in an tashi biyan kuɗin shawararsu, kurtu da ɗan dako ne suke fara biya.